Kuɗin Ceto: Wa Ya Ga Lissafinsu?

Yau ina so mu ɗan jingine hirar anko da lefe, mu waiwayi wani tarihi da ya taɓa tukunyar kowace mace, tun daga nan Ƙofar Taramniya har ƙarshen ƙasar nan. Ina nufin maƙudan kuɗin da gwamnati kan fitar ta ce na ceto ne.

Mu soma da 2009. A watan Agusta na shekarar, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya bayyana cewa manyan bankuna biyar, har da Oceanic da Intercontinental, suna gab da durƙushewa, saboda bashin da suka bayar ya ƙi dawowa. Ya tuɓe shugabanninsu, aka zuba wa bankunan Naira biliyan 420. Da aka ƙara wasu bankunan, kuɗin suka kai biliyan 620. Abin da ya burge ni a nan, ba a yi rufa-rufa ba. An buga sunayen manyan da suka ci bashin a jaridu, kowa ya karanta. A 2010 kuma kotu ta yanke wa shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ɗaurin wata shida, aka ƙwace dukiya mai yawa daga hannunta.

To, sai 2015. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ragu, da yawansu suka kasa biyan albashi da fansho na watanni. Duk wadda mijinta ke jiran ƙarshen wata ta san abin da wannan ke nufi: bashin mai shago, sayar da tunkiya, wani lokaci har 'yan kunnen aure. Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ceto jihohi, Babban Banki ya ware Naira biliyan 338 ga jihohi 27. Kason Sakkwato ya kai kimanin biliyan 10.

Amma 'yar'uwa, kada sunan ya ruɗe ki. Ba kyauta ba ne, rance ne, da ruwa kashi 9 cikin ɗari, kuma an tsara biyansa cikin shekara 20, ana cirewa daga kason jiha. Kin ga ke nan, 'yar da aka haifa a shekarar sai ta isa aure kafin wa'adin ya cika. Abin da aka cire kuwa, ai kuɗin maganin asibiti ne da allin makaranta.

A 2016 hukumar ICPC ta bi sawun kuɗin, ta ba da rahoton cewa wasu jihohi ba su kashe duka a kan albashi ba. Wasu jihohin suka musanta. Talaka ya rasa wa zai gaskata, don ba a baje masa takardu ya gani da idonsa ba.

Mu mata mun fi kowa sanin wannan darasi. Uwar adashi, komai amanarta, tana da littafi: wa ta zuba, wa ta kwasa, ranar wa ta zo. Ranar da ta ce “ku dai ku yarda da ni” ta ɓoye littafin, wallahi ranar adashi ya mutu. To, in zubin ɗari biyar na buƙatar littafi, ina ga biliyoyi?

Tambaya ba rashin kunya ba ce. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumomin gwamnati a rubuce. Saboda haka in 'yan siyasa sun turo mana atamfa da sabulu, mu aika musu da tambaya uku: nawa aka karɓo da sunanmu, ina aka kai su, kuma wa zai biya? Ba a sayen kifi a ruwa.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, amin.