Tarihin Haɗa Mabiyi da Magudanar Bayanai a Harsunan Kwamfuta

A fannin shirya manhaja, mabiyi shi ne ɗan abin da ke nuna ƙwaya ɗaya cikin tarin bayanai, a karanta ta, sannan a matsa da shi zuwa ta gaba har a kai ƙarshe. Barbara Liskov da ɗalibanta na jami'ar MIT a Amurka ne suka ba shi gurbi na musamman a harshen CLU a shekarun 1970, zamanin da masu tsarin Unix suka fara jona manhaja da manhaja, a 1973, ta yadda abin da ɗaya ta fitar zai kwarara cikin ɗayar. Irin wannan kwarara, ko daga fayil take ko daga abin da mutum ke bugawa, ita ake kira magudanar bayanai.

Wahalar haɗa su biyun ita ce, bayanan da ke ajiye a ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar ruwan randa suke, an san yawansu kuma ana iya komawa gare su, alhali magudana kamar famfo take, abin da ya zuba ba ya komawa, ba a kuma san lokacin da zai ɗauke ba. Alexander Stepanov da Meng Lee na kamfanin Hewlett-Packard suka warware wannan a harshen C++, inda suka kasa mabiya gida biyar, suka ware aji guda na mabiyin karanta bayanai da ke wucewa sau ɗaya tak. Mabiyinsu mai suna istream_iterator yana ɗebo ƙwaya ɗaya duk lokacin da aka matsa da shi, ƙarshen magudana kuwa sai aka wakilta shi da wani mabiyin da ba a jona shi da komai ba, wanda na farkon ke yin daidai da shi da zarar bayanai sun ƙare. Da wannan dabara, umarnin kwafa ko tarawa da aka rubuta domin ajiyayyun bayanai ya zama yana aiki a kan magudana ba tare da an sake rubuta shi ba.

Kwamitin daidaita C++ ya karɓi aikin a 1994, ya shiga ƙa'idar harshen ta 1998, sannan harshen Python ya ba da damar bin fayil layi-layi da mabiyi a 2001. Saboda haka matashin unguwar New Bell da ke koyon shirya manhaja a Duwala da ƙaramar kwamfuta zai iya sarrafa fayil ɗin da ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta, muddin ya kiyaye cewa mabiyin magudana ba ya komawa baya.