Rabon Gadon Manomi a Ƙasar Bakori: Jiya Ba Yau Ba

Mai karatu, in dai kana kallon finafinan Hausa ko kana karanta littattafan marubutanmu, ka san wannan labarin. Alhaji ya rasu, ko sadakar bakwai ba a yi ba, sai ga ƙanensa ya tattara takardun gida da na gona ya cusa a aljihu, ya bar marayu da uwarsu suna kuka. Mun ga irinsa har mun gaji. Amma wanda ya zauna da tsofaffin ƙasar Bakori zai ji cewa a zamanin kakanninsu ba gona ce abin da aka fi yin rigima a kanta ba. To me ya canza?

Bakori tana kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, a yankin da mutanen da ke kira Katsina Laka saboda ƙarfin ƙasarsa. Hakiminta shi ne Makaman Katsina, kamar yadda Galadima yake Malumfashi, Sarkin Maska kuma yake Funtua. A da daji ya fi gonaki yawa a nan. Baƙo in ya zo sai ya kai gaisuwa wurin dagaci, a nuna masa dajin da zai sare, daga nan ya zama gonarsa muddin yana nomawa yana biyan kuɗin ƙasa. Saboda haka ba a auna arzikin magidanci da faɗin fili, da yawan hannuwan da ke riƙe masa fartanya ake aunawa.

Wannan shi ne tushen gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma babbar gona tare, su zuba a rumbu ɗaya. Uban ne ke ciyar da gida, ya biya haraji, ya yi wa saurayi auren fari. Kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa da yamma, abin da ya samu nasa ne. In maigida ya kwanta dama, sau da yawa ba a taɓa gandun. Babban wa ne ke hawa matsayin uba, ya riƙe ƙannensa da matan uban har su gama takaba, wata huɗu da kwana goma, ko su haihu in suna da ciki. Gayauna kuwa galibi tana nan hannun mai nomanta.

Abin da ake bajewa a tsakar gida a raba shi ne kayan hannu. Bayan sadakar arba'in sai a kira liman da mai unguwa da dattawan dangi. A fara fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a cika wasiyya in dai ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Daga nan a ƙidaya damman dawa da gero da ke rumbu, da jaki, da awaki da tumaki, da riguna da rawani, da galma da gatari da lauje, da wuri in akwai. A gidajen masu hali, kafin zuwan Turawa a 1903, har bayi ana sa wa kuɗi a raba, abin da ba daɗin faɗa amma haka ya faru. Sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewa.

Lissafin kuwa na malamai ne, daga Suratun Nisa'i da littattafan Malikiyya irin su Risala. Bari mu yi misali. A ce manomi ya bar dami 64 bayan an biya bashi, da mata biyu, da 'ya'ya maza uku da mata biyu, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Matan za su ɗauki tumuni, wato dami 8, kowacce 4. Saura 56. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka kowane ɗa zai sami dami 14, kowace 'ya 7. Ba saura ko zangarniya ɗaya. In an kai maganar gaban alƙali, akwai ushira, kashi ɗaya cikin goma na dukiyar, wadda a zamanin En'e take shiga Baitulmali. Wannan na cikin dalilan da suka sa talaka ya fi son a gama komai a zaure.

In zama ya ƙi daɗi tsakanin 'yan'uwa, musamman 'yan uba, sai a fita gona. Ba safiyo, ba takarda. Da taki ake aunawa ko da igiya, a dasa gamba a kan iyaka, ko a ce daga wancan suri zuwa waccan tsamiya. Dattawa ba sa duban faɗi kawai. Wanda ya sami gonar bayan gida mai taki ba daidai yake da wanda aka ba ta nesa ba, haka ma fadamar rake. Itatuwa irin su ɗorawa da kaɗanya da kuka su ma da lissafinsu, har akan bar ɗorawa ta zama ta kowa, a raba kalwa duk shekara.

A nan ne maganar mata ta shigo. Shari'a ta ba 'ya mace rabonta a cikin duk abin da uba ya bari, amma al'ada takan ce ai tana gidan miji, me za ta yi da gona? Sai a ba ta akuya ko hatsi, ko a ce kasonta yana hannun yayanta, duk kaka ya aika mata da dami. Ita ma takan yi shiru, don ta san ranar da aure ya mutu gidan yayan nan za ta dawo. A Kano har doka aka yi: a 1923 Sarki Usman ya hana mata gadon gida, daga baya hanin ya haɗa da gona, sai a 1954 Sarki Sanusi ya soke shi. Wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta tarar cewa 'ya'ya maza ne galibi ke raba gonakin uba, kuma gandun wa da ƙane ba ya daɗewa bayan rasuwar uban.

Abin da ya juya al'amarin a ƙasar Bakori shi ne kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Funtua a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, sannan garmar shanu ta ba mutum ɗaya damar nome abin da da sai gayya. A 1975 shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya shigo da takin zamani da irin masara mai yawa. Jama'a ta ƙaru, daji ya ƙare, gona ta zama abin saye da sayarwa da jingina. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana, amma ba ta hana ɗa gadon gonar ubansa ba. Kason da aka ce wa goggo "yana hannun yayanki" shekaru hamsin da suka wuce, yanzu ya zama miliyoyi, jikokinta kuma sun san hanyar kotu.

Don haka marubutanmu da masu shirya fim, in za ku ɗauko labarin gado, ku tuna ba kullum ne ake samun mugun kawu ba. Wani lokaci dattijo ne mai riƙon amana da ya ɗauki nauyin gida shekara talatin, ya aurar da ƙannensa, bai taɓa tunanin akwai ranar da za a tambaye shi lissafi ba, ga kuma ƙanwarsa da ke da gaskiya a kan haƙƙinta. Mu kuma da iyayenmu suka bar mana gonaki, abin da ya fi shi ne a kira malamai a raba tun shaidu suna raye, a rubuta, a ba mata nasu a hannunsu. Wanda ya ga dama ya bar wa ɗan'uwansa aro bayan nan, wannan zumunci ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya hana mu cin haƙƙin marayu.