Yaƙin Mashi da Yaƙin Alli a Zango

Zango ta san yaƙi tun kafin mu marubuta mu ari kalmar. Jihadi ne ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga Daura wajen 1805, zuriyarsa ta ya da zango a nan, Fulani ta gefe guda, Damagaram ta ɗaya gefen, har 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa gadon kakanninsa.

To, da Gwamnatin Arewa ta kawo Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, a kunnen malamin aji kirari ne kurum, tunda jahilci ba ya harbi. Amma dattijon da ya ga hari yana yaro, ko sojan da ya dawo daga Bama, in ka ce masa yaƙi, gawa yake tunawa. Sai ga shi alli aka miƙa masa.