Ososhiki (fim na 1984)

Ososhiki, wato "Jana'iza" da harshen Japananci, fim ne na barkwanci da shaguɓe na ƙasar Japan wanda Juzo Itami ya rubuta kuma ya ba da umarni. An sake shi a watan Nuwamba na shekarar 1984, kuma a ƙasashen Turai da Amurka an fi saninsa da sunan The Funeral. Fim ɗin mai tsawon minti 124 yana bin wani iyali na 'yan birni a cikin kwanaki uku, daga rasuwar dattijon gidan har zuwa ƙona gawarsa, yana nuna yadda mutanen zamani ke kame-kame da al'adar da suka gada amma ba su iya ba.

Labari

Shinkichi Amamiya dattijo ne mai ciwon suga. Ya je Tokyo an duba lafiyarsa, ya dawo gida da murna ya ci abincin dare mai maiƙo, a daren kuma ciwon zuciya ya kama shi ya rasu a asibiti. Labarin ya iske 'yarsa Chizuko da mijinta Wabisuke Inoue, dukansu 'yan wasan fim, suna tsakiyar ɗaukar wata talla. Aka yanke shawarar a yi jana'izar a gidansu na hutu da ke wajen birni, don haka nauyin komai ya hau kan surukin da bai taɓa jagorantar irin wannan hidima ba.

Daga nan ne matsaloli ke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya: wane irin akwatin gawa za a saya, abincin mutum nawa za a tanada, nawa za a ba malamin addinin Buddha ba tare da an ji kunya ba. A wurin da ya fi shahara a fim ɗin, miji da mata sun zauna gaban talabijin da kaset ɗin bidiyo mai koyar da ladubban jana'iza, suna maimaita kalmomin karɓar gaisuwa kamar yadda suke haddace zance kafin ɗaukar fim. Yayan mamacin, wani attajiri mai yawan surutu, ya tsaya kai da fata kan inda arewa take, domin a al'adar Japan ana kwantar da gawa kanta na fuskantar arewa. Malamin ya iso cikin mota Rolls-Royce. Yayin da yake karatu, kyamara ta koma kan ƙafafun masu makoki da suka sage saboda zaman durƙuso irin na gargajiya. Iska ma ta kwashi kuɗin gaisuwa, manya sanye da baƙaƙen kaya suka bi su a guje.

Akwai wani ɓangare da ya fi sauran nauyi. Farkar Wabisuke, Yoshiko, ta biyo masu taimako zuwa gidan, ta sha giya ta bugu, ta ja shi cikin kurmi, alhali matarsa na tsaye kan wani lilon gungume tana kai da komo ba ta ce uffan ba. Fim ɗin bai bayyana ko ta san abin da ke faruwa ba.

Bayan an dawo daga wurin ƙona gawa, Wabisuke ne ya kamata ya yi jawabin godiya, abin da ya kwana yana fargaba. Sai matar mamacin, Kikue, ta nemi a bar ta ta yi magana. Ba ta haddace komai ba. Ta yi godiya, ta faɗi baƙin cikinta cewa ba a bar ta kusa da mijinta ba a lokacin da ransa ke fita. Wannan ne wuri ɗaya tilo da kalaman jana'izar suka fito daga zuciyar mai faɗinsu, kuma Itami ya bar shi ba tare da zolaya ba.

Al'adun da fim ɗin ya taɓo

Yawancin jana'izu a Japan ana yin su ne bisa tsarin addinin Buddha, ko da iyalin ba masu zuwa wurin ibada ba ne. Ana fara da kwanan zaune da ake kira tsuya, washegari a yi bikin bankwana, sannan a ƙona gawar. A yau fiye da kashi 99 cikin ɗari na mamata a ƙasar ƙona su ake yi. Masu gaisuwa na kawo kuɗi cikin ambulan na musamman, ana kiran kuɗin koden. A da maƙwabta da dattawan ƙauye ke riƙe da wannan sani. Da mutane suka kwarara birane bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aikin ya koma hannun kamfanonin jana'iza. Shi ya sa a cikin fim ɗin ɗan kwangilar jana'iza, Ebihara, ya fi kowa natsuwa: shi kaɗai ya san abin da ke biye da wane. Zolayar Itami ba ta faɗa kan al'adar kanta sosai ba, ta fi faɗawa kan mutanen da tsoron yin kuskure a idon jama'a ya hana su samun lokacin kuka.

Shiryawa da 'yan wasa

Itami, wanda aka haifa a Kyoto a 1933, ɗa ne ga daraktan fim Mansaku Itami. Ya yi suna a matsayin ɗan wasa da marubuci kafin ya ɗauki wannan fim, wanda shi ne dogon fim na farko da ya ba da umarni, yana da shekara 51. Ya samo labarin ne daga jana'izar mahaifin matarsa Nobuko Miyamoto, kuma an ɗauki yawancin fim ɗin a gidansu da ke Yugawara a lardin Kanagawa. Miyamoto ce ta fito a matsayin Chizuko, Tsutomu Yamazaki a matsayin Wabisuke, Kin Sugai a matsayin Kikue, Hideji Otaki kuma yayan mamacin.

Zaɓen Chishu Ryu ya fito a matsayin malamin ba a banza aka yi shi ba. Masu kallo a Japan sun san shi a matsayin uba mai kamun kai a finafinan Yasujiro Ozu, musamman Tokyo Story na 1953, wanda shi ma ya ƙunshi rasuwa da taruwar 'ya'ya daga birni. Ganin wannan fuska tana fitowa daga motar alfarma wani shaguɓe ne da ba ya buƙatar magana.

Karɓuwa

Duk da cewa da ƙaramin jari aka yi shi, kuma kan batun da ake ganin bai dace da raha ba, fim ɗin ya samu kasuwa sosai. Mujallar Kinema Junpo ta zaɓe shi fim mafi kyau na 1984. A bikin kyaututtukan Japan Academy na 1985 ya lashe kyautar fim mafi kyau, darakta, rubutun labari, babban jarumi ga Yamazaki, da mataimakiyar jaruma ga Sugai. An kuma nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a wannan shekarar.

Itami ya ci gaba da irin wannan salo a Tampopo na 1985, kan abinci, da Marusa no Onna na 1987, kan masu kauce wa haraji, duka tare da Miyamoto da Yamazaki. Ya rasu a Disamba 1997. Yamazaki ya sake komawa ga batun mutuwa a Okuribito na 2008, inda ya fito a matsayin ƙwararren mai shirya gawa. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau cikin harshen waje a 2009.