Addu'a a Matsayin Magani: Tushen Ikilisiyoyin Aladura a Ƙasar Yarbawa, 1918 zuwa 1943

Ikilisiyoyin Aladura, wato masu addu'a, sun tsiro ne a kudu maso yammacin Nijeriya tsakanin 1918 da 1930, daga cikin Kiristocin da tun asali mabiya majami'un mishan ne. Ba saɓani kan allahntakar Almasihu ko matsayin Littafi Mai Tsarki ya raba su da iyayen gidansu ba. Babbar tambayar da ta raba su ita ce: idan mai bi ya kwanta ciwo, ina zai nufa? 'Yan mishan sun hana shi zuwa wurin boka, asibitinsu kuwa sai a manyan garuruwa ƙalilan. A wannan giɓin ne koyarwar warkarwa ta bangaskiya ta yi saiwa.

Annobar 1918 da ƙungiyar Ijebu-Ode

Annobar murar da ta game duniya ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, ta bi layin dogo da koguna ta kutsa cikin ƙasa. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya. Hukumar mulkin mallaka ta rufe makarantu da wuraren taro, har da majami'u a garuruwa da dama. Likitancin Turawa ba shi da abin bayarwa, domin sai a 1933 aka gano ƙwayar cutar mura a jikin ɗan Adam. Ga mai bi na wancan lokaci, an rufe ƙofar ɗakin ibada daidai sa'ar da ya fi bukatarta.

A majami'ar Angilikan ta St Saviour da ke Ijebu-Ode, wani maƙerin zinariya mai suna Joseph Sadare ya tara 'yan'uwa suna addu'a a gida. Wata matashiyar malamar makaranta, Sophia Odunlami, ta ce an nuna mata cikin wahayi cewa ruwan sama da addu'a sun isa magani, kuma dogaro da wani abu daban zunubi ne. Ƙungiyar ta ɗauki sunan Egbe Okuta Iyebiye, ƙungiyar dutse mai daraja. Ta hannun David Odubanjo, wani akawu a Legas, ƙasidun ikilisiyar Faith Tabernacle ta Philadelphia a Amurka suka iso gare su, suka tarar da koyarwar da ta yi daidai da tasu: ba magani, ba likita, ba yi wa jarirai baftisma. Nassin da suka fi jingina da shi shi ne sura ta 5 ta wasiƙar Yakubu, inda aka umarci mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafe shi da mai. A 1922 suka rabu da Angilikan, bayan shekara guda suka haɗe da Faith Tabernacle.

A tsakiyar shekarun 1920 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Legas, kuma a cikinta ne Moses Orimolade da Christiana Abiodun Akinsowon suka kafa Cherubim da Seraphim a 1925. Josiah Ositelu ya kafa Church of the Lord a 1930.

Farkawar Oke-Oye

Abin da ya mayar da ƙananan tarukan addu'a guguwa shi ne bayyanar Joseph Ayo Babalola. An haife shi a 1904, yana tuƙa motar daɓe hanya a ma'aikatar ayyuka, sai a watan Oktoba na 1928, a kan hanyar Akure zuwa Ilesha, ya ce ya ji murya tana umartarsa ya bar aiki ya yi wa'azi. A watan Yuli na 1930 shugabannin Faith Tabernacle suka taru a Oke-Oye da ke Ilesha don warware wasu saɓani. Ana cikin haka labari ya bazu cewa Babalola ya yi wa gawar wani yaro addu'a ya tashi. Cikin 'yan makonni dubban mutane suka yi ta kwarara garin, a ƙafa da a mota, ɗauke da majiyyata da kwalabe. Yakan kaɗa ƙararrawa, ya yi addu'a a kan ruwa, jama'a su sha su yi wanka da shi, suna kiransa ruwan rai. An tara layu da guraye da gumaka an ƙona. Asibitin Wesley Guild na 'yan Methodist a garin ya ga majiyyatansa suna tashi daga gado suna tafiya wurin taron, abin da ya sa 'yan mishan kai kuka ga hukuma.

A nan ya kamata a rarrabe abin da tarihi zai iya tabbatarwa da abin da ya fi ƙarfinsa. Taron jama'a da ƙona layu da damuwar jami'an mulki duk suna cikin takardun hukuma da na mishan. Tashin matacce da buɗewar idon makaho kuwa shaidar masu bi ce, ba a yi musu gwajin likita kafin addu'a ko bayanta ba, don haka mai bincike ba shi da ma'aunin gaskata su ko ƙaryata su. Abin da ya tabbata shi ne cewa mafi yawan masu kamuwa da mura suna warkewa da kansu, kuma wanda ya sha ruwan sama a 1918 bai yi asarar wani ingantaccen magani ba, tunda babu shi. Ga kuma faɗuwar farashin koko bayan 1929, wadda ta sa kuɗin asibiti da na boka duka suka gagari talaka, alhali ruwan Babalola kyauta ne.

Masani J. D. Y. Peel, a nazarinsa na 1968, ya ƙi amincewa da masu ɗaukar Aladura a matsayin komawa ga addinin gargajiya cikin rigar Kiristanci. Hujjarsa tana da ƙarfi. Waɗanda suka fara tafiyar akawuna ne da malamai da 'yan kasuwa masu karanta Littafi Mai Tsarki da kansu, kuma sun fi 'yan mishan zafi wajen yaƙi da tsafi. Abin da suka riƙe daga duniyar iyayensu shi ne tsammanin cewa addini na gaskiya dole ya amfani jiki a yau, ya ba da lafiya da haihuwa da kariya. Wani abin lura: da yake Faith Tabernacle ba ta da isassun malamai da makarantu, da yawa daga waɗanda suka ƙona gumakansu a 1930 sun ƙare ne a majami'un Angilikan da Methodist.

Rikicin kwinin

Hukuma ta tsananta, har aka ɗaure Babalola wata shida a Benin a 1932 bisa zargin wa'azin farautar mayu. Tun kafin nan shugabannin Faith Tabernacle sun nemi inuwar wata ikilisiyar Turawa, Apostolic Church ta Birtaniya, wadda wakilanta suka iso Legas a 1931. Zaman bai yi ƙarko ba. An gano cewa Turawan suna shan kwinin don kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro. Su a ganinsu riga-kafi ne irin na mai shiga inuwa don gudun rana. A ganin shugabanni irin su Odubanjo da Isaac Akinyele kuwa, wanda ya koyar da cewa addu'a ta isa sannan ya haɗiyi ƙwaya a ɓoye ya rushe koyarwar tun daga tushe. Bambancin wannan da 1918 a fili yake: kwinin yana aiki, saboda haka ƙin shan sa yana da farashi na gaske. A 1940 aka rabu, ɓangaren Babalola da Akinyele ya yi rajista a 1943 da sunan Christ Apostolic Church. Akinyele ne shugabanta na farko, daga baya ya zama Olubadan, wato sarkin Ibadan, a 1955.

Ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna Yarbawa ne suka kawo waɗannan ikilisiyoyi unguwannin Sabon Gari na Kano da Zariya, da Kaduna da Jos, har rassan Cherubim da Seraphim na Arewa suka kafa tasu hedikwata a Kaduna. Koyarwar ƙin magani ta sassauta bayan rasuwar Babalola a 1959. Christ Apostolic Church ta ci gaba da gudanar da gidajen haihuwa na addu'a, tana horar da ungozomominsu a garin Ede, kuma a yau da yawa daga mabiyanta suna zuwa asibiti da kwalbar ruwan addu'a a cikin jaka.