Gaskiyar Niyya da Raunin Aiki: Nazari kan Farin Jinin Fim ɗin Birdemic

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ya sa Birdemic: Shock and Terror, fim ɗin soyayya da firgici da aka shirya a Amurka da kuɗin da bai kai dala 10,000 ba, ya tara masoya masu maimaita kallonsa. Matsayarta ita ce munin aiki kaɗai bai isa ya bayyana wannan farin jini ba. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne ganin cewa mai fim ɗin da gaske yake yi.

Gabatarwa

An haifi James Nguyen a Biyetnam a 1966, ya tashi a Amurka, kuma dillancin manhajojin kwamfuta yake yi a Kalifoniya lokacin da ya shiga harkar fim ba tare da ya karance ta a makaranta ba. Kafin Birdemic ya yi Julie and Jack a 2003, sannan Replica, dukansu labaran soyayya. Da albashinsa ya ɗauki nauyin Birdemic, ana ɗauka a ranakun ƙarshen mako a yankin Half Moon Bay. Shi da bakinsa ya ce The Birds na Alfred Hitchcock na 1963 ne ya zaburar da shi, tare da An Inconvenient Truth, fim ɗin Al Gore kan ɗumamar yanayi.

Bikin fina-finai na Sundance ya ƙi karɓar fim ɗin a 2009. Nguyen bai haƙura ba. Ya manna wa motarsa tsuntsayen bogi da jinin ƙarya, ya riƙa zagaya garin Park City, inda ake bikin, yana talla, har kamfanin Severin Films ya lura da shi. A Fabrairun 2010 aka haska shi a Los Angeles, daga nan ya shiga gidajen sinima masu nuna fim da tsakar dare.

Ra'in Nazari

An ɗora nazarin a kan ra'ayoyi biyu. A 1964 Susan Sontag ta bambanta aikin da ya zama abin dariya ba da sanin mai shi ba da wanda aka ƙirƙira da gangan don a yi dariya, ta kuma fifita na farkon. A 1995 Jeffrey Sconce, a mujallar Screen, ya nuna cewa masu bibiyar fina-finan da manazarta suka watsar suna da tasu hanyar kallo: kuskuren da wani zai kau da kai daga gare shi, su shi suke nema, domin ta nan ake hango mutumin da ke bayan kyamara.

Tsarin Fim ɗin

Abin da aka fi yaɗawa shi ne tsuntsayen da ke kai wa mutane hari a fim ɗin. Mikiya da ungulu ne da aka zana da kwamfuta, suna tsaye cak a iska suna kaɗa fiffike, wasu su faɗo su fashe da wuta, 'yan wasa kuma suna korar su da hangar rataye kaya. Sauti yakan ɗauke a tsakiyar magana. Amma tsuntsayen ba sa bayyana sai fim ya kusa rabi, kuma a ganin wannan nazari rabin farkon ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

A can ne Rod, wanda Alan Bagh ya fito a matsayinsa, yake neman Nathalie, wato Whitney Moore. Rod dillalin manhaja ne kamar daraktan. Ya yi cinikin dala miliyan ɗaya cikin 'yar gajeriyar waya, aka sayi kamfaninsu a kan dala biliyan ɗaya, ma'aikata suka yi ta tafi har mai kallo ya gaji, sannan ya kafa kamfanin sola aka zuba masa jari nan take. Ita ma Nathalie ta sami babban aikin tallar kayan sawa. Babu kishiya, babu iyayen da suka hana, babu bashi. Marubucin da ya ƙware zai ce labari ba ya tafiya sai da cikas, shi kuwa Nguyen burinsa ya shimfiɗa tsirara: arziki, mota, mace kyakkyawa, da duniyar da za a ceto daga ɗumama. Har fita zancen masoyan ma kallon fim ɗin Al Gore ce. Mai kallo yana dariya, amma ya san mafarkin wani bawan Allah yake leƙawa, kuma wannan kusanci ba kasafai fim mai tsada ke bayar da shi ba, don hannaye da yawa sun riga sun goge shi.

Ana yawan haɗa shi da The Room na Tommy Wiseau na 2003. Kwatancin bai cika ba, domin an ruwaito cewa wancan ya ci kusan dala miliyan shida. A Birdemic talauci da rashin ƙwarewa tare suke tafiya, har ita Moore sai da ta karɓi aikin kwalliyar 'yan wasa bayan masu yi sun tafi.

Gwajin Matsayar

Nguyen ya fitar da kashi na biyu a 2013 da na uku a 2022. Na biyun ya maimaita tsuntsayen da hangar, sai dai yanzu 'yan wasan sun san me ake wa dariya, kuma bai sami karɓuwar na farko ba. Da muni ne sirrin, da ya yi tasiri iri ɗaya, tun da shi ma bai rasa muni ba.

Akwai wurin da matsayar ke da rauni. Mutane da yawa ta hannun RiffTrax suka san fim ɗin, wato masu ɗora ba'a a kan sautin fim, waɗanda suka yi shi kai tsaye a gidajen sinima a 2012. Wanda ya kalla ta wannan hanya an riga an nuna masa inda zai yi dariya, don haka da wuya a ce niyyar Nguyen ce ta kama shi. Raba waɗannan masu kallo biyu na buƙatar binciken fili a gidajen sinimar tsakar dare, ba nazarin fim ɗin kaɗai ba.