El Baraka da 'yan uwanta

Masu tara wuƙaƙe a ƙasashen Turawa suna da kundaye da ƙungiyoyi da ranakun baje koli. A Amurka, kamfanin Case ya fara buga ɗigo goma a gindin wuƙarsa a 1970, yana rage ɗaya duk shekara, har mai tarawa ya iya duban wuƙa ya faɗi shekarar da aka ƙera ta. Mu nan ba haka abin ya faro ba. Yawancinmu ba da niyya muka shiga ba. Wuƙar uba ce ke faɗowa hannun ɗa cikin tarkacen da ba wanda ya yi wa kuɗi ranar rabon gado, wata rana kuma ya ga irinta a shimfiɗar ɗan koli, ya saya. Daga nan sai abin ya zama jiki.

A gidanmu El Baraka ce. Asalinta garin Thiers, garin maƙera a tsakiyar Faransa, inda Gaspard Cognet ya fito da wata wuƙar aljihu mai araha a 1929. Mutanen tsibiran Melanesiya ya nufa da ita, shi ya sa ya buga hoton wani dodonsu mai suna Douk-Douk a ƙotar. Ciniki bai yi ba a can, sai ya juya da hajarsa Arewacin Afirka, ta karɓu, ta tsallako hamada. Amma ba kowane Musulmi ne zai so yawo da hoton dodo a aljihu ba, balle ya shiga masallaci da shi. Sai aka fitar da wata mai farar ƙota, aka cire dodon, aka sa tambarin Agadas irin wanda maƙeran Buzaye ke yi da azurfa, aka raɗa mata El Baraka. Ɗan kasuwa dai ya san inda yake neman kuɗinsa.

Ƙirarta ba wani kwalo-kwalo. Fallen ƙarfe ɗaya aka naɗe ya zama ƙota, sai bakin wuƙar, sai ƙarfen da ke danne shi, ƙusa biyu da zoben rataya. Shafal take, ba ta kumbura aljihu. Ƙarfenta na ɗaukar kaifi da wuri, yana kuma ɗaukar tsatsa da wuri in ba a shafa masa mai ba. Lokacin yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, mayaƙa kan buɗe wuƙar Douk-Douk su doke ƙotar da guduma don kada ta sake rufuwa, har hukumar Faransa ta hana shigar da ita Aljeriya.

Baba bai san wannan labari ba, bai kuma damu ba. Shi dai da ita yake raba goro gida huɗu in baƙi sun zo, da ita yake fiƙe mana alƙalami ranar da za a yi mana sabon rubutu a allo. Yakan ɗora tsinken a kan babban yatsansa, ya fere gefe da gefe, sannan ya tsaga bakin kaɗan, ya gwada a farce kafin ya miƙo. Ba a yarda yaro ya buɗe ta ba, don ƙarfen bayanta da tauri yake, in ta rufo ba ta san yatsa ba. Ranar jajibirin babbar salla manyan wuƙaƙe ake wasawa, amma sai ya haɗa da ita a kan dutsen, har bakinta ya sirance kamar ganyen albasa.

Kawu kuwa, direban babbar mota, Okapi yake riƙewa. Ita kuma daga Solingen ta Jamus ta fito tun 1902, ƙotar katako da adon wata da taurari, da zoben da ake ja kafin ta rufu. In ya buɗe ta sai ka ji ƙarar-ƙarar-ƙarar, mu yara wannan ƙarar muke zuwa saurare. A 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu, shi ya sa yau abu na farko da mai tarawa ke dubawa shi ne ko an buga sunan Jamus a gindinta.

Wuƙaƙenmu na gida sun fi wuyar sha'ani. Wuƙar damtse ta Buzaye, ko wadda maƙerin unguwa ya ƙera baduku ya ɗinka mata kube, ba ta da hatimi, ba ta da shekara. Tambayar da muke yi wa juna ita ce, "A hannun wa ka samo ta?" In ba amsa, darajarta ta ragu. Da masu yawon buɗe ido suka yawaita a Agadas, aka shiga ƙera na ado, kube ya sha kwalliya, wuƙar kuwa ko tumatir ba ta yankawa. Ni ba na ajiye irin waɗannan.

Gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu ita ce ta gogewa. Wasu da sun samu tsohuwar wuƙa sai su kai ta injin wasa almakashi ta fito tana walƙiya, tambarin ya shafe, sawun hannun mai ita ya tafi. Ni man gyaɗa kaɗan da tsumma nake sawa, shi ke nan.

Ta Baba tana hannun Yaya, shi ne babba. Na taɓa ce masa, "Yaya, ka ba ni ita in kawo maka sabuwa fil, har yanzu ana yin su a Thiers." Ya ce, "To kai ka riƙe sabuwar mana." Ya ciro goro ya raba, ya miƙo mini ɓari.